Yadda na mayar da cok ɗin tsohon injin kwale-kwale daga na hannu zuwa na lantarki

Injin da nake magana a kansa tsoho ne, irin wanda ake ratayawa a katakon bayan kwale-kwale, mai silinda biyu da ƙarfin doki 35, ƙirar ƙarshen shekarun 1950. Ɗan gidan Johnson da Evinrude ne, sunaye biyu da suka kasance ƙarƙashin kamfani ɗaya a Amurka tun 1936, wanda aka fi sani da OMC, kuma a zamanin da aka ƙera nawa injunan sunayen biyu kusan cikinsu ɗaya ne, fenti da murfi ne suka fi raba su. Asalinsa da igiya ake tayar da shi, kuma a jikinsa ake riƙe hannun tuƙi. Kafin ya zo hannuna an riga an sa masa sitata, an kai sitiyari da totur da giya zuwa gaban jirgi, amma cok ya zauna inda aka ƙera shi, wato ɗan madanni ne a gaban injin da sai mutum ya ja shi da yatsa. Saboda haka duk lokacin da injin ya yi sanyi, makulli yana gaba, cok yana baya, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ta fi tsawon hannun kowa. Idan ka ja cok ka koma ka murɗa makulli, injin zai kama, amma kafin ka dawo ka saki cok ɗin ya sha mai ya mutu, fulogi sun jiƙe, sai jira.

Aikin cok ba shi da wuyar fahimta. A bakin kafireta akwai wani faifan ƙarfe da ke juyawa a kan siririn sanda. Idan ya kwanta, iska na wucewa yadda take so. Idan ya miƙe ya tare bakin, fistan na ci gaba da zuƙa amma iskar ta yi ƙaranci, sai zuƙar ta koma kan ramukan mai, fetur ya fito da yawa fiye da yadda ya saba. Injin da ya yi zafi yana ƙona iska da fetur a ma'auni da bai yi nisa da kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur ba idan aka auna da nauyi, amma injin sanyi ba ya samun wannan ma'auni ko da kafireta ta ba da shi daidai, domin fetur ba ya ƙonewa sai ya zama tururi. A injin mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, cakuɗar ba ta zuwa silinda kai tsaye, sai ta fara ratsa ɗakin karanshaf, a nan kuma wani kaso na fetur yake kwantawa a jikin ƙarfe mai sanyi kamar yadda tururi ke kwantawa a murfin tukunya. Abin da ya isa wurin fulogi sai ya zama iska ce zalla da ɗan ƙanshin mai. Cok yana cike wannan giɓi ne na 'yan daƙiƙoƙi, kuma da zarar injin ya kama, bukatarsa ta kusa ƙarewa.

Cok na lantarki da ake sa wa irin waɗannan injuna ba ya tunani, ba ya kuma auna zafi. Ya bambanta da na tsofaffin motoci, wanda wani sifirin mai jin zafi ke buɗe shi sannu a hankali, ya kuma bambanta da abin da injunan kwale-kwale da suka biyo baya suka koma amfani da shi, inda aka cire faifan gaba ɗaya aka sa bawul mai fesa ɗanyen fetur a bayan kafireta. Cok ɗin da nake magana a kansa solinoyid ne kawai: waya ce aka naɗe ta sau da yawa a kewayen bututu, a cikin bututun kuma akwai sandar ƙarfe mai zamewa. Idan wuta ta shiga wayar, maganaɗisu ya zuƙe sandar ciki, sandar ta ja hannun faifan cok ya rufe. Idan wuta ta ɗauke, sifirin ya mayar da komai. Na daɗe ina kallon wannan aiki a matsayin aikin waya, amma da na shiga cikinsa na ga cewa wayar ita ce mafi sauƙi. Yatsan mutum yana da ƙarfin da zai tura faifai mai tauri, ya kuma san lokacin da ya kai ƙarshe. Solinoyid ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, don haka yawancin aikin yana wajen sassauta faifan da daidaita tafiyar sandar.

Kafin in nemi kaya, na fara tabbatar da lafiyar injin kansa, domin cok ba magani ba ne ga kafireta mai datti. Injin da ba ya tsayawa a silo sai an riƙe masa cok, matsalarsa tana ramin man silo da ya toshe, ko iska da ke shiga ta gaskit, ko fulot, wato abin da ke daidaita yawan mai a cikin kafireta, da bai zauna daidai ba, kuma idan aka sa masa solinoyid a haka, mai jirgi zai riƙa danna makulli har wayar ciki ta ƙone. Na kwance kafiretar na wanke ta, na busa ramukanta, na sake gaskit, na duba tartsatsin fulogi biyun, sannan na tayar da injin da cok na hannu na ga cewa yana kamawa da wuri kuma yana zama a silo ba tare da taimako ba. Sai a lokacin na yarda cewa abin da zan canza hanyar jan cok ce kawai.

Sa'ar da mai irin wannan inji yake da ita ita ce, an ƙera shi iri biyu a shekara guda, mai igiya da mai sitata, kuma mai sitatan yana zuwa da cok na lantarki tun daga masana'anta. Saboda haka solinoyid da mazauninsa da ɗan ƙarfen da ke haɗa shi da hannun cok duk akwai su a jikin matattun injuna 'yan uwansa, ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. Na samo su a haɗe daga wani inji da aka farfasa don kayan gyara, kuma na nace a ba ni har da ƙananan sukurori da sifirin, domin waɗannan ƙananan su ne suke ɓata, su ne kuma suke da wuyar maye gurbi. Akwai tarko guda a nan. Lokacin da OMC ya fara fitar da manyan injunansa masu sitata a 1954, da batir mai volt 6 suke aiki, sai a 1957 aka koma volt 12. A ido solinoyid na zamanin biyu suna kama da juna. Idan aka ba na volt 6 wutar volt 12, zai ja da ƙarfi har mutum ya yi murna, amma wutar da ke ratsa shi ta ninka biyu, zafin da yake haifarwa kuma ya ninka huɗu, ba zai daɗe ba. Don haka na tambayi shekarar injin da aka ciro shi, na kuma gwada lambar jikinsa da littafin kayan gyara.

A kan tebur na auna shi da mita. Lafiyayyen solinoyid irin wannan yana nuna 'yan om kaɗan, wato ma'aunin turjiyar waya ga wuta, tsakanin bakin wayarsa da jikinsa. Idan mita ta nuna babu hanya sam, wayar ciki ta tsinke, idan kuma ta nuna kusan sifili, ta narke ta haɗe. Lissafin yana da amfani don a san nauyin da za a ɗora wa makulli da waya: solinoyid mai om 3, misali, zai ja amp 4 a kan volt 12, wato wat 48 a cikin abin da bai fi babban yatsa kauri da yawa ba. Wannan ne dalilin da ya sa ba a ƙera shi don a riƙe shi na dogon lokaci ba. Na zare sandar na goge tsatsarta da samfefa mai laushi ƙwarai, na wanke bututun na bar shi ya bushe, ban kuma sa mai ko giris ba, domin mai a nan yana tara ƙura ya zama danƙo, ya riƙe sandar a ranar da ake bukatarta. Da na taɓa shi da batir, sandar ta shige da ƙara mai tsafta, ta kuma fito da sauƙi da na cire wayar.

Ranar aiki na fara cire kan batir na nagetif, na cire bututun mai, na bar murfin injin a buɗe har warin fetur ya tafi. Abu na farko da na lura da shi a jikin cok na hannu shi ne cewa an ƙera shi ne don ya tsaya inda aka bar shi. Akwai ɗan marikin da ke kama madannin idan an ja shi, don kada girgizar inji ta mayar da shi. Wannan kuwa kishiyar abin da solinoyid ke bukata ne, domin shi yana so ya ja ya saki, faifan ya koma a buɗe da kansa kowane lokaci. Muddin madannin da marikinsa suna haɗe kai tsaye da hannun faifan, ko dai solinoyid ya kasa rufe cok ɗin, ko ya rufe shi sifirin ya kasa buɗewa, na biyun kuma ya fi muni saboda mai tuƙi yana gaba bai san injinsa na tafiya da cok a rufe ba. Maganin shi ne haɗin ya zama mai sako-sako ta gefe ɗaya: madannin hannu yana iya tura hannun faifan ya rufe, amma idan solinoyid ne ya ja, hannun yana tafiya shi kaɗai ya bar madannin a inda yake. Da wannan tsari na samu damar barin cok na hannu a wurinsa.

Sandar faifan kanta ta yi tauri da tsohon mai da ya bushe a ramukanta. Na zuba mata maganin wanke kafireta ina juya ta har ta saki, ta kai ga cewa idan na rufe faifan na ɗauke yatsa, sifirin yana mayar da shi nan take ba tare da tsayawa a hanya ba. Ban kwance ƙananan sukurorin da suka riƙe faifan a kan sandar ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya taɓa su sai dole. An daddaƙe ƙarshensu ne tun a masana'anta don kada su warware, domin suna daidai kan hanyar iska, kuma duk wanda ya faɗi, cikin inji zai nufa.

Daidaita solinoyid shi ne wurin da na fi daɗewa. Ƙarfin maganaɗisunsa ba ɗaya ba ne a duk tsawon tafiyar sandar: yana da rauni lokacin da sandar take waje sosai, yana ƙaruwa yayin da take shiga, yana kai ƙarshen ƙarfinsa dab da ta zauna. Idan aka ɗaure shi nesa da hannun cok, sandar za ta fara tafiya daga wurin da ba shi da ƙarfi, ta yi ɗan motsi ta tsaya. Idan aka matso da shi kusa da yawa, sandar za ta kai ƙasa kafin faifan ya gama rufewa, a bar tsaga da iska ke bi, cok ya zama rabi. Abin da ake nema shi ne faifan ya rufe ruf a daidai lokacin da sandar ta kusa zama, sifirin ɗin haɗin ya ɗan miƙe kaɗan ya ɗauki ragowar tafiyar. Wannan ɗan miƙewar tana da amfani na biyu, domin idan injin ya kama, zuƙar iska tana iya ɗan ture faifan ya buɗe kaɗan, injin ya samu numfashi kafin mai tuƙi ya saki makulli. Na sassauta mazaunin, na tura sandar da yatsa har ƙasa, na zame jikin solinoyid ɗin gaba da baya ina kallon bakin kafireta da tocila har na samu wurin, na yi alama da fensir, sannan na ɗaure. Na kuma tabbatar cewa sandar da ɗan ƙarfen haɗin suna kan layi ɗaya, domin idan jan ya karkata, sandar tana gogar gefen bututu, kuma wannan gogayya kaɗai ta isa ta cinye ƙarfin da ake da shi.

A ɓangaren waya akwai zaɓi biyu, ko a sa madanni na daban kusa da sitiyari, ko a sa makullin jirgin ruwa irin wanda ake dannawa ciki don cok. Na zaɓi na biyu saboda hannu ɗaya yana murɗawa yana dannawa, ɗayan kuma yana kan totur. A bayan irin wannan makulli akwai haruffa: B na batir, S na sitata, C na cok, A ko I na fitilu da sauran kaya, sai M guda biyu na maganeto, wato abin da ke samar da wutar fulogi. Waɗannan M ɗin su ne suka fi bukatar hattara. Injin yana samar da wutar fulogi da kansa daga maganaɗisun da ke cikin fulawil, ba ya bukatar batir don ya yi aiki, kuma ana kashe shi ne ta hanyar haɗa wayoyin M don wutar maganeton ta zube. Idan wutar batir ta shiga waɗannan wayoyi, kwayil da kontak ne za su ƙone. Wannan ne ya sa makullin mota ba ya yin wannan aiki, domin shi yana tura wutar batir ne zuwa kwayil idan an kunna. Ban dogara da haruffan kaɗai ba, na bi kowane baki da mita a kowane matsayi na makullin kafin in haɗa waya ko ɗaya.

Wayar cok guda ɗaya ce daga C zuwa solinoyid. Na yi amfani da wayar jirgin ruwa mai silili da yawa da aka shafa wa kuza, lamba 16 a ma'aunin Amurka, wato kusan murabba'in milimita 1.3, kuma ga jirgi mai tsawo lamba 14 ta fi, tunda a wannan ma'auni ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Na zaɓi launin shunayya mai ratsin fari, wanda shi ne launin wayar cok a injunan Johnson da Evinrude da suka biyo baya, don duk bakaniken da ya buɗe murfin nan gaba ya gane ta ba tare da tambaya ba. Wutar da ke zuwa B tana bi ta fis mai amp 20 kusa da tushenta. Na matse kawunan wayar da filayar da aka yi don haka, na rufe su da robar da ke tsukewa da zafi, na bi da wayar tare da sauran wayoyin sitata, na bar mata sako inda injin ke juyawa hagu da dama da inda ake ɗaga shi, a cikin murfi kuma na ɗaure ta nesa da fulawil da hannun totur.

Gwajin farko, da injin a tsaye, ya yi kyau: na danna makulli, na ji ƙarar sandar, faifan ya rufe, na saki ya buɗe. Amma wannan gwaji ba ya nuna gaskiya, domin cok yana aiki ne a daidai lokacin da sitata ke jan wuta mafi yawa. Cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6, idan sitata na juyawa yana iya sauka zuwa wajen 10, ƙarfin jan solinoyid kuwa yana raguwa fiye da yadda volt ya ragu, har kusan kashi ɗaya cikin uku na iya tafiya. Na sa ƙafar injin a cikin duro mai ruwa har ya rufe famfon ruwa, domin robar famfon tana lalacewa idan ta juya a bushe ko da na ɗan lokaci ne, na cire wayoyin fulogi na haɗa su da jikin inji don kada tartsatsi ya tashi a fili, na tabbatar ba ya cikin giya, sannan na murɗa ina dannawa. Faifan ya tafi ya tsaya da 'yar tsaga. Mita ta nuna cewa wuta tana isa bakin solinoyid daidai gwargwado, amma tsakanin jikinsa da nagetif ɗin batir akwai ragowar volt da bai kamata a gani ba. Solinoyid ɗin waya ɗaya gare shi, wutarsa tana komawa ta mazauninsa zuwa jikin inji, kuma a ƙarƙashin mazaunin akwai fenti da farin tsatsar alminiyam, wadda wuta ba ta ratsa ta. Na kankare wurin har ƙarfe ya fito, na ƙara gajeriyar waya daga sukurun mazaunin zuwa inda babbar wayar nagetif ta ɗaure, na shafa giris a saman haɗin bayan ɗaurewa. Daga nan faifan ya riƙa rufewa ruf ko sitata na juyawa.

Gwaji na gaskiya sai da injin ya kwana ya yi sanyi. Man tankin yana kan ma'aunin da injunan wannan gida na kafin 1964 suke bukata, kashi 24 na fetur ga kashi 1 na baƙin mai, ba 50 ga 1 na injunan da suka biyo baya ba. Na cika kafireta da mai, na ɗaga totur kaɗan, na murɗa tare da dannawa, kuma da injin ya kama na saki makullin gaba ɗaya. Da ya fara tari kamar zai mutu, na ɗan danna makullin na saki ba tare da murɗawa ba, ya farfaɗo, bayan ɗan lokaci ya zauna a silo, ruwan sanyaya kuma yana fita. Wannan ɗan dannawa a daidai lokacin da ake bukata shi ne ribar aikin duka, domin cok na hannu a nesa ko dai a rufe yake ko a buɗe. Idan injin yana da zafi ba na taɓa cok sam. Idan kuma ya ƙi kamawa bayan 'yan daƙiƙoƙi, ina sakin makullin in ba sitata da solinoyid hutu, in sake gwadawa ba cok, tunda mai ya riga ya shiga.

Barin madannin hannu da na yi yana da dalili na zahiri. Wannan inji ba shi da janareta mai cajin batir, don haka duk wutar da sitata da cok suka ci ba ta dawowa sai an kai batirin caji. Ranar da cajin batir ya ƙare, igiya da maganeto suna nan, amma solinoyid ya zama ƙarfe kawai, kuma injin sanyi mai ƙarfin doki 35 ba abin da mutum zai so ya yi ta jan igiyarsa ba cok ba ne. Ban huda rami ko ɗaya a jikin injin ba, domin mazaunin ya hau wuraren da aka riga aka tanada, ƙananan kayan da na cire kuma na adana su a leda da rubutu, saboda duk mai son mayar da injin yadda ya fito daga masana'anta zai iya yin haka da sukundireba da sufana. Abin da nake dubawa yanzu idan injin ya daɗe a ajiye abu uku ne: in tura sandar solinoyid da yatsa in ji ko tana zamewa, in kalli faifan ko yana komawa a buɗe sarai, in kuma duba haɗin nagetif ɗin mazaunin ko farin tsatsa ya sake taruwa.